Feda mai kama takalmi ko shimfiɗaɗɗa: wacce ce ta fi daɗin tuƙa keke?

Duk wanda ya fara tafiya mai ɗan nisa a kan keke, ba ya jimawa sai ya gamu da wannan tambaya: in ci gaba da fedar da na saba da ita, ko in koma wadda ke kama takalmi? Sau da yawa ma ba ƙafarsa ce ta yi ƙorafi ba. Abokan tafiya ne za su dubi ƙasa su ce, "Har yanzu da wannan kake tuƙi?" Sai mutum ya koma gida yana jin kamar bai cika mahayi ba, ya kashe kuɗi a feda da takalmi na musamman, bayan mako uku kuma gwiwa ta fara yi masa ciwon da bai taɓa sani ba.

Abin da ke damuna a wannan muhawara shi ne yadda ake cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: gudu da jin daɗi. Ɗan tsere yana neman daƙiƙa biyu da zai ƙwace a ƙarshen tsere. Mai zuwa aiki, ko mai yawon motsa jiki na awa biyu, yana neman ya sauka daga keke gwiwarsa lafiya, tafin ƙafarsa bai yi minjirya ba. Shawarar da ta dace da na farko ba lallai ta dace da na biyu ba, amma ita ake ta miƙa wa kowa.

Sunan da ke rikita mutane

A jikin kwalin fedar mai kama takalmi za ka ga an rubuta "clipless", wato marar maƙali. Abin mamaki, ita ce kuma ake maƙala takalmi a cikinta. Dalilin yana cikin tarihi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 'yan tsere suke amfani da wani ɗan kwando na ƙarfe da ke gaban feda, a zura yatsun ƙafa a ciki, a ɗaure da igiyar fata. In za ka tsaya, sai ka sunkuya ka sassauta igiyar da hannu. Da aka ƙirƙiro fedar da ke riƙe takalmi daga ƙasa ba tare da wannan kwando ba, sai aka sa mata suna da abin da ta rasa. Sunan ya bi ta har yau.

Kamfanin Cinelli na Italiya ya fitar da irinta a farkon shekarun 1970, ana ce mata M71, amma sai an ja wani ɗan ƙarfe da hannu kafin ta saki ƙafa, shi ya sa ba ta wuce filin tsere ba. Wadda ta buɗe ƙofa ita ce ta kamfanin Look na Faransa a 1984. Su dama sana'arsu ƙera maɗaurin takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara, maɗaurin da ke sakin ƙafa in an murɗa ta. Wannan dabara suka kawo kan keke. A 1985 Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France karo na biyar da fedar Look a ƙafarsa, daga nan sauran 'yan tsere suka bi. Sai a 1990 kamfanin Shimano na Japan ya kawo tsarin SPD don kekunan daji da duwatsu, wanda ya ba mutum damar ya sauka ya yi tafiya a ƙasa da takalmin nasa.

A lura da wannan tarihi: tun daga tushe, don gasa aka yi ta. Jin daɗin mai tuƙi na yau da kullum daga baya ya shigo lissafi.

Yadda kowacce take aiki

Shimfiɗaɗɗar feda ba ta buƙatar dogon bayani. Dandamali ne da ake ɗora ƙafa, da kowane takalmi. Sai dai iri biyu ne masu nisa da juna. Akwai 'yar ƙaramar ta roba da ke zuwa da sabon keke, wadda ke santsi da zarar ta jiƙe. Akwai kuma mai faɗi, kusan faɗin tafin hannu a buɗe, mai ƙananan ƙusoshi a jiki da ke cizon ƙasan takalmi. Yawancin masu cewa shimfiɗaɗɗa ba ta da kyau, ta farkon kawai suka taɓa takawa.

Mai kama takalmi kuwa abu uku ne a haɗe: fedar mai sifirin a ciki, takalmi na musamman mai ramukan noti a ƙasa, da wani ɗan guntun ƙarfe ko roba da ake ɗaurewa a ƙasan takalmin, wanda masu keke ke kira kilit. Ka taka, kilit ya faɗa cikin bakin feda, ka ji ƙas. In za ka fita, ka murɗa diddige waje.

Ita ma gida biyu ce. Mai noti uku, irin Look Keo da Shimano SPD-SL, kilit ɗinta babba ne na roba, yana turo kai waje daga ƙasan takalmi. Ta yi kyau a kan titi mai tsawo, amma in ka sauka za ka riƙa tafiya a kan diddige, yatsu a sama, kuma daɓen tayil yana iya kayar da kai. Mai noti biyu, irin SPD, kilit ɗinta ƙaramin ƙarfe ne da ke ɓoye cikin rami a ƙasan takalmi, don haka ana tafiya da shi kusan kamar kowane takalmi, kuma yawancin fedar ana iya shigarta ta fuska biyu.

Maganar jan ƙafa sama

Hujjar da aka fi kafawa ita ce, wai da mai kama takalmi ƙafa ɗaya tana dannawa ƙasa, ɗayar tana jan feda sama, don haka ƙarfi ya ninka. A baki tana da daɗin ji. Da aka sa na'urar awo a jikin feda, sai aka ga ko ƙwararrun mahaya, in suna tafiya a daidaitaccen gudu, ba sa jan feda sama da wani ƙarfin kirki. Abin da suke yi shi ne rage nauyin ƙafar da ke tasowa don kada ta zama kaya ga wadda ke dannawa. Kusan dukkan ƙarfin daga dannawa yake fitowa, daga tsokar cinya da ta ɗuwawu.

A 2007 wani mai bincike, Thomas Korff, da abokan aikinsa sun gwada mahaya da salon tuƙi daban-daban. Da aka ce musu su riƙa ja sama da gangan, zagayen feda ya fi daidaito a takarda, amma jiki ya fi ƙona kuzari kafin ya fitar da aiki iri ɗaya. A 2008 Guillaume Mornieux da nasa abokan sun kwatanta shimfiɗaɗɗa da mai kama takalmi a matsakaicin gudu, ba su ga bambanci a yawan iskar da jiki ke buƙata ba.

Wannan ba ya nufin ba ta da amfani. In ka miƙe tsaye ka zuba dukkan ƙarfinka na 'yan daƙiƙoƙi, ko kana fama da tudu mai tsayi a tsaye, ko ƙafa na juyawa da sauri ƙwarai, a nan jan sama na faruwa da gaske, kuma ƙafa ba za ta zame ba. Ɗan tseren titi ba zai yi ba tare da ita ba. Amma mutum ya tambayi kansa: a tafiyar awa biyu, daƙiƙa nawa nake yi a wannan hali?

Gwiwa, inda gizo ke saƙa

Ga lissafi mai sauƙi. Mai tuƙi a natse yana juya feda kamar sau 85 a minti ɗaya. A awa ɗaya sau 5,100 ke nan, a awa uku ya haura sau 15,000. Duk wani ƙaramin kuskure a yadda ƙafa ta zauna, sau dubu goma sha biyar gwiwa za ta maimaita shi.

Ƙafafun mutane ba a miƙe sar suke ba. Ka zauna a bakin tebur mai tsayi, ka saki ƙafafunka su yi lilo, ka sunkuya kaɗan kamar kana kan keke, sannan ka dubi ƙasa. Za ka ga ƙafa ɗaya yatsunta sun ɗan kalli waje, ɗayar wataƙila ta fi miƙewa, ko ta karkata ciki. Haka halittarka take, kuma haka gwiwarka ta saba aiki tun kana yaro. A kan shimfiɗaɗɗar feda, ƙafa da kanta take neman wannan zama, ba ka ma sani ba. In wuri ɗaya ya fara gajiya, ka ɗan matsa gaba ko baya. A kan mai kama takalmi, inda ka ɗaure kilit nan ƙafa za ta zauna. In ka ɗaure shi a miƙe alhali ƙafarka mai kallon waje ce, murɗawar da ƙafa ta kasa yi, gwiwa ce za ta ɗauke ta.

Na ga wannan a kusa. Wani abokin tafiyata ya koma mai noti uku, ya ɗaure kilit ɗinsa yana auna shi da layin takalmi don ya fito tsaf a ido. Bayan 'yan makonni ya fara dafa gefen gwiwarsa ta dama duk lokacin da muka tsaya. Ya zargi shekaru, ya zargi sirdi, har ya fara maganar barin keke, abin da ya yi mini ciwo don na san yadda yake son sa. Ranar da muka juya takalmin muka duba, sai muka ga gefen diddigen na ciki ya goge, alamar ƙafar na ta ƙoƙarin komawa zamanta na asali tana gugar hannun feda, wato ƙarfen da fedar ke ɗaure a jikinsa. Muka sassauta noti uku, muka karkata kilit ɗin kaɗan, muka ɗaure. Cikin kwanaki ciwon ya lafa.

Masu ƙera feda sun san da wannan matsala, shi ya sa suka bar wa ƙafa ɗan wurin wasa, ta yadda diddige zai iya motsi hagu da dama kafin ya fita. Ana auna shi da digiri, kuma launin kilit ke nuna shi. A Shimano SPD-SL, mai ruwan ɗorawa yana ba da digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuma babu wasa ko kaɗan. A Look Keo lissafin ya sha bamban: ja digiri 9, mai ruwan toka digiri 4.5, baƙi babu. Ka ga ja a wani gida shi ne mafi sauƙi, a wani gidan shi ne mafi tsauri. Mutane da yawa sun sayi ja don ya dace da launin keke. Mai neman jin daɗi ya fara da mai wasa da yawa, ya bar marar wasa ga wanda ƙwararre ya auna masa ƙafa.

Adalci kuma shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. In an ɗaure kilit daidai, wannan kafewar takan zama alheri. Ƙafa na sauka wuri ɗaya kullum, tsawon sirdi da aka auna yana nan daidai da ita, babu ranar da za ka taka da yatsu gobe ka taka da tsakiya. Akwai waɗanda gwiwarsu ta samu sauƙi bayan sun koma mai kama takalmi saboda wannan.

Zafi da minjirya a tafin ƙafa

A tafiya mai tsawo wasu kan ji tudun da ke bayan yatsu yana zafi kamar an ɗora a garwashi, ko yatsu su mutu. Jijiyoyin da ke bi tsakanin ƙasusuwan wurin ne ke matsuwa. Kowace feda na iya jawo shi, ta hanyarta.

A shimfiɗaɗɗa, laifin yawanci na takalmi ne mai laushin ƙasa, irin na gudu, da ke lanƙwashewa a kan 'yar ƙaramar feda har tafin ƙafa ya gaji da riƙe kansa. Feda mai faɗi da takalmi mai ɗan tauri suna kashe wannan. A mai kama takalmi kuwa, ƙasan takalmin da tauri, nauyi na bazuwa, wannan ma yana cikin ainihin dalilan da ke sa mutane su ce ta fi daɗi: rabin yabon na takalmin ne. Amma takalman tsere kan zo da matsi, ƙafa kuma tana kumbura in tafiya ta yi nisa. Ga kilit da aka tura gaba sosai yana tara nauyi a ƙarƙashin yatsu, yana kuma wahalar da sharaɓa da agara. Maganin da ya fi yawan aiki shi ne a ja kilit baya 'yan milimita, a sassauta maɗaurin takalmi bayan awa ta farko, a kuma sayi takalmi mai faɗin baki.

Tsayawa

Kusan duk wanda ya koma mai kama takalmi ya taɓa faɗuwa a tsaye. Nawa a mahaɗar hanya ne: mota ta tsaya a gabana ba zato, na taka birki, kwakwalwa ta ce ɗaga ƙafa sama kamar yadda ta saba, feda ta ƙi saki. Na faɗi a kan kwankwaso da tafin hannu, kusa da tayar wata motar da ke gefe. Masu keke kan mai da wannan abin dariya, suna cewa kowa sai ya biya kuɗin shiga. Ni ban ɗauke shi wasa ba. Ga matashi ƙujewa ce, ga wanda shekaru suka ja yana iya zama karayar wuyan hannu ko ƙashin ƙugu.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da na'ura, wato zullumi. Mai tuƙi a cikin cunkoso, da ke tsayawa kowane minti biyu, in rabin hankalinsa na kan yadda zai zare ƙafa, kafaɗunsa a ɗaure suke, hannunsa ya ƙanƙame kan keke. Wannan ba jin daɗi ba ne, ko da gwiwa na lafiya.

Ana rage haɗarin. A jikin yawancin fedar akwai ɗan noti mai alamar + da −, a sassauta shi zuwa ƙarshe kafin hawan farko. Shimano na da kilit mai lamba SH56, mai harafin M a jiki, wanda ke saki ko an murɗa ko an fizga sama a karkace, saɓanin SH51 da sai an murɗa diddige gefe. A jingina da bango a yi ta shiga da fita har ƙafa ta haddace, sannan a koyi zare ƙafa ɗaya tun kafin a kai wurin tsayawa, kullum ita ɗin dai.

Nata laifin shimfiɗaɗɗa

Ƙusoshin da ke riƙe takalmi su ne ke yage ƙauri ranar da ƙafa ta zame, kuma suna cin ƙasan takalmi. A hanya mai gargada, wanda bai iya ba, ƙafarsa kan yi tsalle ta bar feda. Dabarar ita ce a ɗan matso da ƙafa gaba, a sauke diddige ƙasa, a bar nauyi ya zauna a kan feda. Wanda ke shakkar ko za a iya gudu da ita a mugun wuri, ya tuna Sam Hill ɗan Ostireliya, da ya zama zakaran duniya a tseren gangaren dutse a 2006 da 2007 da 2010, sannan ya lashe gasar Enduro World Series sau uku a jere daga 2017 zuwa 2019, duk a kan shimfiɗaɗɗa, alhali akasarin abokan karawarsa a maƙale suke. Takalmin da ya dace da ita shi ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba mai danƙo, irin wanda kamfanin Five Ten ya aro daga takalman masu hawan dutse.

To wa ya dace da wacce?

Ra'ayina a fili yake. Mai zuwa aiki ko makaranta, mai yawo a cikin gari, sabon shiga, wanda ya dawo keke bayan shekaru, da duk wanda ke tsoron faɗuwa, ya nemi shimfiɗaɗɗa mai faɗi da takalmi mai ɗan tauri. Kafin ya yanke hukunci a kanta, ya cire 'yar robar nan da ta zo da keke. Hatta masu yawon ƙasa da ƙasa da kaya a bayan keke, da yawansu ita suke zaɓa, don takalmi ɗaya ya ishe su hawa da tafiya, kuma babu ranar da kilit zai ƙare a inda ba a sayar da shi.

Wanda ke tafiyar awa uku ko huɗu a titi ba tsayawa, yana bin ayari mai gudu, yana son jin kamar shi da keke jiki ɗaya ne, mai kama takalmi za ta yi masa daɗi, kuma wannan jin ba ƙarya ba ne, ni ma ina samun sa. Sai dai in jin daɗi ne a gaba, mai noti biyu ta fi mai noti uku sauƙin zama da ita: shiga ta fi sauƙi, tafiya a ƙasa ta fi aminci, laka ba ta cika toshe ta ba, kilit na ƙarfe kuma ya fi na roba daɗewa.

Akwai ta tsakiya, fuska ɗaya shimfiɗe, ɗayar mai kama takalmi, kamar Shimano PD-M324 da PD-EH500. Tana da amfani ga mai keke ɗaya da ke aiki biyu. Damuwarta ita ce sau da yawa fuskar da ba ka so ita ke fuskantar sama, sai ka juya ta da ɗan yatsa kafin ka taka.

Ranar da za a sauya

Ko wacce aka zaɓa, a sake duba tsawon sirdi. Kaurin feda da na ƙasan takalmi sun bambanta daga wannan zuwa wancan, kuma wurin da ƙafa ke takawa ya sauya, don haka sirdin da ya yi daidai jiya yana iya yin tsawo ko gajarta yau da 'yan milimita. Ciwo a gaban gwiwa yakan nuna sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta yakan nuna ya yi sama, ciwo a gefe kuma a fara duba karkatar kilit. A gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, a yi gajerun tafiye-tafiye biyu ko uku kafin a taɓa na gaba. In ciwo ya ƙi lafawa bayan an gyara, a ajiye keke a ga likita.

In an samu zaman kilit da ya dace, a zagaye shi da alƙalami a ƙasan takalmin, don ranar da ya cinye a ɗaure sabo a gurbinsa. Wajen ɗaura fedar kanta, yawancin kekunan manya suna amfani da zare (tsagin da ake murɗawa, irin na noti) mai inci 9/16, ana kuma kwancewa da sifana mai lamba 15 ko makulli mai kusurwa shida na milimita 6 ko 8. A shafa ɗan giris a zaren, a fara murɗawa da hannu kafin a sa sifana. Kowace feda da alamarta, R ta dama, L ta hagu. Ta dama tana ɗauruwa kamar kowane noti, ta hagu kuwa zarenta a juye yake: ana ɗaure ta ta ɓangaren da ake kwance sauran, kuma wanda ya tilasta ta ta ɗayan ɓangaren zai cinye zaren hannun feda.